Shirun da Reza Ba Ta Taɓa Ba

Idan ka shiga unguwar Dala ta garin Maiduguri ka tambayi tsofaffi wane ne Dzarma, rabinsu za su taɓe baki su ce ba su san shi ba. Amma ka ce musu Garzali na rediyo, yanzu ka ga fuska ta sake, wata tsohuwa ma ta dafe ƙirji ta ce, "Allah sarki, mutumin nan ya sa mu kuka!" To, ai mutum ɗaya ne.

Dzarma akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati can wajen GRA, mutumin Bura daga wani ƙauye kusa da Marama, Kirista, ɗan ƙungiyar mawaƙan cocinsu. Garzali kuwa masunci ne a bakin tafkin Chadi, mutumin da uwa ba ta taɓa haifa ba, amma kowace Lahadi bayan la'asar sai ya fito daga akwatin rediyo da muryar Dzarma, cikin wani wasan kwaikwayo da ake kira Bakin Tafki. Kuma ikon Allah, muryar da mai ita ba su yi kama ba ko kaɗan. Murya ce mai kauri, in ka ji ta sai ka ɗauka wani ƙato ne mai ƙirji kamar ƙofar zaure. Mai ita kuwa ɗan tsamurmurin mutum ne, gajere, da farar riga mai gajeren hannu da tsohon keke. Wata mai sayar da kuɓewa da aka taɓa nuna mata shi a Kasuwar Litinin ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wannan ɗin? Haba, ku ji tsoron Allah!"

Shirun da ya yi suna da shi, a gida ya gaje shi. Yana ƙarami aka shigo da gawar yayansa, wanda rijiya ta rufta da shi ana yasa. Mata suka fashe da kururuwa, uwarsu tana birgima a ƙasa. Uban yana zaune bakin rumbu yana gyaran ƙota, bai tashi ba. Ya ja numfashi ta hanci, dogo, ya riƙe shi, har Dzarma ya zaci ba zai sake shi ba. Can ya ce, "Wa ya bar fartanya a rana?" Iyakar abin da ya faɗa a ranar ke nan. Mutane suka yi ta yabon ƙarfin zuciyarsa, amma Dzarma yana tsugune kusa da ƙafarsa, ya ga yadda babban yatsan tsohon yake tonon ƙasa. Tun daga ranar ya san cewa in namiji irin ubansa ya tambayi ƙaramin abu a lokacin babban abu, to wuta ce take ci a cikinsa. Shi ma haka ya tashi, ba don ya zaɓa ba.

Shigarsa rediyo dace ne kawai. Wajen shekarar 1977 Madu, wani Babarbare mai rubuta wasannin gidan rediyo, ya zo ma'aikatarsu bin wani fayil. Dzarma ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Oga bai sa hannu ba tukuna."

Madu ya tsaya cak. "Sake faɗa."

"Na ce oga bai sa hannu ba."

"Wallahi da muryar nan ko ƙarya kake yi na yarda. Ka zo gidan rediyo ranar Laraba."

Ranar Laraba ake ɗaukar wasan a tef, a gyara, a sa shi ranar Lahadi. Mai gyaran shi ne Nasidi, injiniyan ɗakin ɗaukar murya, Bakano mai kaifin baki. Da reza yake aiki: ya saurari tef, ya yi alama da farin fensir, ya yanke inda aka yi tari ko tuntuɓen harshe, ya haɗe bakin biyu da salatif. A wurin Nasidi babu abin ƙyama irin shiru. Haka aka koya masa, wai in rediyo ta yi shiru mai sauraro zai ɗauka batir ne ya mutu, ya hau dukan akwatin. Saboda haka a makonnin farko duk inda Garzali ya yi shiru sai Nasidi ya datse ya jefa kwando. Ranar Lahadi Dzarma ya ji kansa yana zuba kamar mai tallan magani a tasha. Mutumin da ko akuya ba ya yi wa tsawa, sai ga shi da sassafen Litinin tsaye a kan Nasidi.

"Malam Nasidi, ka yanke mini wasan."

"Wane wasa kuma? Iska na yanke. Ko numfashi ma wasa ne?"

"An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To a rediyo ina fuskar? Numfashin nan shi ne fuskar Garzali. Mutum ne da ba ya kuka, ba ya ɗaga murya. In ka cire masa shirunsa, me ya rage? Kututture."

Nasidi ya ja tsaki, amma ya bar shiru ɗaya don gari ya kunyata masa wannan akawu. A wasan makon aka zo aka gaya wa Garzali guguwa ta tafi da ragarsa gaba ɗaya, abin da ya tara shekara da shekaru. Aka ji ya ja numfashi. Aka ji shiru. Sannan ya ce, "An ɗaure jakin?" Washegari ko'ina maganar ake yi. Mai shayin bakin gidan rediyo ya rantse shayi ya cika kofi ya zubo masa a ƙafa bai sani ba. Nasidi mutum ne mai baki amma ba mai gardamar banza ba, ya miƙa wa Dzarma hannu ya ce daga yau rezarsa ba za ta sake taɓa shirun Garzali ba.

Dzarma ya riƙe hannun ya ce, "Ko ni da kaina na zo na roƙe ka, kada ka yarda. Ranar da na roƙa, to kunya ce ta kama ni."

Nasidi ya ce, "Na rantse da Allah." Suka yi dariya. Da Dzarma ya san abin da yake ɗaure wa kansa, da bai yi dariyar nan ba.

Matarsa Agnes, ita kuwa akasinsa ce ta kowace fuska. Tela ce, tana kiwon kaji a bayan ɗaki, bakinta ba ya hutawa, hawayenta kuma a kusa yake. Shirwa ta ɗauke ɗan tsako, Agnes ta yi kuka. An rera waƙa mai daɗi a coci, Agnes ta yi kuka. Gidan haya suke zaune, gidan wata dattijuwa Ya Aisa, kuma duk Lahadi matan gidan da na maƙwabta sukan shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, Agnes ta fito da rediyonta, a ji Garzali. Wata rana tun da wuri ta tsare shi ta ce, "Baban Margaret, wai yaya kake yi har kake kashe mana jiki ba ka ce komai ba?" Sai ya nuna mata. Ya ce in Garzali ya tsorata, ba ja da baya ake yi a ɗaga murya ba, matsowa ake yi kusa da makirfo a sauke ta ƙasa. Da farko a ja numfashi ta hanci yadda mai sauraro zai ji, don ya san shirun da gangan ne. Sai a riƙe. Sannan a faɗi ƙaramin abu, a faɗe shi sumul, ba tuntuɓe, kamar mai tambayar hanya. "Shirun kullum kafin magana yake zuwa," in ji shi. "Garzali in ya fara magana sai ya kai ƙarshenta." Agnes ta ce tabɗi, ashe ƙarya ma da ƙa'idarta.

Haka aka yi ta tafiya fiye da shekara goma. 'Yarsu Margaret ta girma ta tafi makarantar koyon aikin jinya, Garzali ya tsufa a rediyo, ɗansa Ba'ana ya zama saurayi yana fita tafki shi kaɗai. Ya Aisa ta daina kiran Dzarma da sunansa, sai dai ta gaishe shi da Barbarci, "Wushe, Ba Garzali," wato sannu Baba Garzali.

Da bazarar 1989 abin ya fara. Ana waƙa a coci, ya zo ɗaga murya sai ta tsage. Ya ce mura ce. Ya sha zuma da citta, ya tauna kanumfari har bakinsa ya mutu, dishewar ba ta tafi ba. Ya daina zuwa koyon waƙa, ya ce aiki ya yi yawa a ofis. Tuwo ya fara tsaya masa a wuya, sai ya ce zafin nan kunu kawai ransa yake so. A gidan rediyo ba wanda ya lura, don Garzali tsoho ne, dishewar ma ƙara masa kwarjini ta yi. A ɓoye ya je wurin wanzami ko beli ne ya sauko. Wanzamin ya leƙa, ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba aikin askata ba ne." Dole ya nufi asibiti.

A asibiti likita ya ɗaura fitila a goshi, ya riƙe masa harshe da ƙyalle, ya zura wani ɗan madubi can ciki. Ya daɗe yana kallo. Aka ɗebi abin da za a ɗeba, aka ce ya dawo. Da ya dawo likitan ya rufe ƙofa kafin ya zauna, kuma daga rufe ƙofar nan Dzarma ya gane ba lafiya ba.

"Akwai tsiro a maƙogwaronka, daidai inda murya take fitowa, kuma irin mai yaɗuwa ne," in ji likitan. "Sai an cire wurin gaba ɗaya. In Allah ya so za ka rayu, amma ba za ka ƙara magana ba. Numfashi ma ta wata 'yar kafa a wuya za ka riƙa yi."

Dzarma ya ce, "In aka bar shi fa?"

"In ka bar shi, shi ba zai bar ka ba. Kullum ci yake yi. Ka dawo mini da matarka mu shirya muku tafiya Zariya. Kada ka yi wasa da lokaci."

Ya fito ya hau keke, ƙafafunsa suka ƙi feda, sai ya sauka ya tura shi tun daga asibiti har Dala cikin ranar nan mai narka kwalta. Abin da yake gani a idonsa wani mutum ne da ya taɓa gani a tashar Biu, da tsumma ɗaure a wuya, yana motsa baki ba sauti, numfashinsa yana fito ta ƙarƙashin tsumman, mutane suna kewaye shi kamar kashi. Tsoro ya kama Dzarma, tsoro na gaske. Yana tsoron wuƙa, yana tsoron kafar, yana tsoron mutuwa. Amma wanda ya fi su duka, yana tsoron ya buɗe baki ya faɗa wa Agnes, don ya san za ta kurma ihu, kuma in ta yi ihu abin ya tabbata ke nan. Ya shiga gida ya jingina keken. Agnes tana kan keken ɗinki, ta ba shi baya. Ya ja numfashi ta hanci, ya riƙe, sannan ya ce, "Maman Margaret, kajin nan sun sha ruwa?"

"Sun sha," ta ce, ba ta ko juyo ba. Ƙarar keken ɗinkin ce ta cece shi, ko kuwa ta cuce shi.

Bai koma asibiti ba. Kullum yakan ce sai Litinin mai zuwa. Kowace safiya in ya isa ofis sai ya laɓe a rumfar kekuna ya gwada muryar a hankali, ya ji ko tana nan. In wayar ofis ta yi ƙara sai ya bar wani ya ɗauka. In zai haɗiye yawu sai ya kawar da kai kada a ga yadda yake yamutsa fuska. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Agnes ta ce ya rame, ya ce zafi ne, ta ce ya sha maganin shawara, ya sha. Ya zama ɓarawo a gidansa, yana satar kwanaki daga ransa yana ba muryarsa, kuma ya san sarai abin da yake yi.

Sai Larabar da Madu ya kawo babban wasan shekara. Ba'ana ya fita tafki bai dawo ba. 'Yan wasa suka kewaye makirfo ɗaya da takardunsu, Madu yana tsugune yana kaɗa hannu a bahon ruwa don a ji motsin tafki, Nasidi yana bayan gilashi. Jar fitila ta kama. Wanda yake fitowa a matsayin ɗan aike ya ce, "Baba Garzali, kwale-kwalen Ba'ana ya dawo. Babu kowa a ciki."

Abin da aka rubuta wa Garzali layi ɗaya ne: "Ku jawo shi inuwa, kada rana ta fasa katakon." Dzarma ya matsa kusa da makirfo. Ya ja numfashi, ya riƙe, kamar kullum. Ya ce, "Ku ja..."

Shi ke nan. Muryar ta ɗauke, ɗif.

Ya tura, ba komai. Ya sake turawa, iska kawai. Gumi ya karyo masa. Ya ce a ransa, ta tafi, yau ta tafi, a nan gaban mutane, ko sallama ban yi da kowa da ita ba. Takardar hannunsa tana karkarwa, amma dubi sabo: sai ya miƙe hannun nesa da makirfo kada a ɗauki ƙarar takarda. Ya ga jar fitilar tana kallonsa. Ya haɗiye busasshen yawu, abin ya yi wani ɗan ƙas a maƙogwaro. Ya roƙi Allah a zuci, ba rai ya roƙa ba, layi ɗaya ya roƙa. Can, bayan shirun da ya fi kowane shiru da ya taɓa yi tsawo, wani abu ya fito, siriri, a kakkarye, "...jawo shi inuwa. Kada rana ta fasa katakon."

Fitila ta mutu. Ba wanda ya yi motsi. Hannun Madu yana cikin baho, hawaye yana bin gemunsa. Sannan ya miƙe ya ce, "Wallahi ba za a sake ba. Ko an yi sau dubu ba za a samu wannan ba."

Dzarma ya jira kowa ya watse, ya shiga wurin Nasidi. Muryar ta ɗan dawo, amma da ƙyar.

"Malam Nasidi, wurin nan da na tsaya, ka rage shi. Ka haɗe maganar."

Nasidi ya ajiye farin fensir ya ƙyalƙyale da dariya. "Yau ga ranar da ka faɗa! Ashe kunyar ta zo? Ai kai ka sa na rantse."

"Wannan daban ne."

"Daban kam, don ya fi duka. In na sa masa reza Allah ma sai ya tambaye ni. Je ka gida, Garzali, ka sha zuma."

Kalma ɗaya da ta isa. Da ya ce, Nasidi, ba wasa ba ne, ba ni da lafiya, da reza ta yi aikinta nan take. Amma kalmar nan ita ce ya kasa faɗa wa matar da yake kwana ɗaki ɗaya da ita, ina zai iya faɗa wa Nasidi? Ya fita ya bar tef ɗin yana juyawa.

Daga Laraba zuwa Lahadi bai san ɗanɗanon komai ba. Garin Maiduguri duka bai dame shi ba, ya san za su sha shi a matsayin wasa. Kunne ɗaya yake tsoro, kunnen da shi da kansa ya koya wa ƙa'ida. Ranar Lahadi bayan an dawo coci, babban mutum da furfurarsa, ya lallaɓa ya zare batiran rediyon Agnes ya jefa aljihu. Da la'asar ta yi ta murɗa, shiru. Ta bubbuga, ta buɗe bayan, ta ga wayam. Ta fara sababi, wane marar tsoron Allah ne, sai Ya Aisa ta ɗago labule ta ce, "Kwantar da hankalinki, 'yata, ga tawa." Ta fito da wata ƙatuwar rediyo da jikanta ya kawo mata daga hajji, mai murya har bakin titi.

Dzarma ya shige ɗaki ya zauna bakin gado, batiran suna danne masa cinya. Ta taga yana ganin bayan Agnes a kan tabarma. Aka yi kiɗan buɗewa. Aka ji motsin ruwa. Ɗan aike ya faɗi nasa. Aka ji numfashin, aka ji shirun, aka ji "Ku ja..." Sai tsakar gida ta yi tsit, ko tsintsiya ba ta motsi, kuma cikin tsit ɗin nan aka ji ɗan ƙas na haɗiyar yawu, rediyon Ya Aisa ta fito da shi ɓaro-ɓaro. Da ƙarshen layin ya fito mata suka ɓarke. Ya Aisa tana share ido da bakin mayafi tana salati, tana cewa Allah ya ba uba haƙuri, kai ka ce da gaske an rasa wani Ba'ana. Agnes kaɗai ba ta yi kuka ba. Matar da take yi wa ɗan tsako kuka, tana zaune ƙiƙam, bayanta a miƙe. Dzarma ya ga haka ya san asiri ya tonu.

Ta tashi ta shigo ta turo ƙofa.

"Baban Margaret, wannan ba shirun Garzali ba ne."

Ta matso ta tsaya a kansa.

"Kai ka gaya mini da bakinka, Garzali in ya fara magana sai ya kai ƙarshenta. Wannan ya fara ya kasa. Ga kunu, ga barin waƙa, ga rama. Ina batirana?"

Ya sa hannu aljihu ya fito da su ya ajiye a kan gado. Sannan ya faɗa mata, da guntuwar muryar da ta rage, abin da likita ya ce, da kuma tun lokacin da ya ce. Ihun da yake tsoro ya zo, har ya fi yadda ya zata. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta cakumi wuyan rigarsa ta saki da sauri kamar ta taɓa wuta. "Muryarka na aura? Ce mini muryarka na aura! Ka zauna kana kallona ina ba ka maganin shawara! In ka mutu rediyo zan binne ko kai?" Ya Aisa ta zo bakin ƙofa a guje, ta ji abin da ake ciki, ta zauna a dokin ƙofa tana innalillahi. Abin mamaki, duniya ba ta kife ba. Washegari Agnes ta sa shi gaba har ofishin likita, tana riƙe da hannun rigarsa kamar wanda zai gudu, kuma gaskiya da zai gudu.

Nasidi da ya ji labari ya zo tashar jirgin ƙasa rakiya. Ya ce, "Da ka faɗa mini, da na yanke." Agnes ta ce, "Da ka yanke, da na binne shi. Allah ya yi wa rantsuwarka albarka." Nasidi ya juya baya yana gyara hula, ya daɗe yana gyara ta.

A Zariya, da safen da za a yi aikin, aka kwantar da shi a gadon turawa aka bi da shi wata doguwar baranda. Agnes tana tafe a gefe. Likitocin ba su ɓoye musu ba, an makara ƙwarai, aikin na iya yiwuwa, na iya ƙin yiwuwa. A bakin ƙofar ɗakin tiyata ma'aikacin jinya ya tsaya ya ce, "Madam, iyakarki nan. In akwai magana a yi ta yanzu." Dukansu sun san ko ya fito ko bai fito ba, abin da zai faɗa yanzu shi ne na ƙarshe da muryar nan za ta faɗa a duniya. Dzarma ya ja numfashi ta hanci, ya riƙe. Ƙananan abubuwa suka yi layi a bakinsa, keke, kaji, makullin ɗaki, irin abin da ya gada wurin ubansa. Ya dube ta, ya ƙyale su duka.

"Agnes," ya ce, kuma rabon da ya kira sunanta tun kafin a haifi Margaret. "Tsoro nake ji."

Bakinta ya fara rawa. Ya ga kukan ya taso mata har wuya, ya ga ta kama shi ta danne. Ta ja numfashi ta hanci, dogo, ta riƙe shi. Sannan ta gyara masa mayafin asibiti a ƙirji ta ce, sumul, ba tuntuɓe, "Na bar wa Ya Aisa makullin akurki." Aka tura shi ciki.

Ya fito da ransa. Muryar ta tsaya a Zariya. Madu ya ƙi ba wani ɗan wasa matsayin Garzali, sai ya rubuta cewa tsohon ya shiga kwale-kwale neman ɗansa, kuma aka bar shi a tafkin. Dzarma ya koma ofis da farin ƙyalle a wuya, wanda Agnes take ɗinkawa tana yi masa ado a baki, ya ci gaba da aikin fayil har ya yi ritaya, ya ga auren Margaret, ya goya jikoki a keke. Da yamma yakan zauna ƙarƙashin darbejiya kusa da keken ɗinkin matarsa, ita tana zuba, shi yana gyaɗa kai, mutane suna cewa ai dama haka gidan yake tun fil azal.

Masu son Bakin Tafki ba su daina zuwa gaishe shi ba, kuma ba a rasa mai tambayar Agnes, wai don Allah mene ne abu na ƙarshe da muryar Garzali ta faɗa? Sai Dzarma ya sunkuyar da kai, babban yatsansa yana tonon ƙasa. Agnes kuwa ko ɗagowa daga ɗinki ba ta yi.

"Me kuke zato?" takan ce. "Tambayata ya yi ko kaji sun sha ruwa."